Katin Tarot da Zaman Ƙarshen Wata: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane iri biyu ne suka fi yin waɗannan tambayoyin. Akwai ɗalibanmu da ke karatu a Turai da Amurka, waɗanda suka tarar abokan zamansu na baza wasu katuna masu zane a kan teburi duk ƙarshen wata. Akwai kuma waɗanda suna cikin latse-latsen waya bidiyon katunan ya faɗo musu a TikTok ko Instagram ba tare da sun nema ba. Ni ta hanya ta farko na san su, a wani gidan haya na ɗalibai a Ingila. Tun da wuri in faɗi inda na tsaya: zaman yi wa kai hisabi duk wata abu ne mai kyau ƙwarai, amma katin ba shi ne ke yin aikin ba.

Mene ne tarot, kuma me ya raba shi da kartar da muka sani?

Karta ce, sai dai ta fi tamu yawa da ado. Cikakken ƙunshi kati 78 ne. Guda 56 daga ciki sun kasu gida huɗu kamar kartar wasa: sanduna, kofuna, takubba da tsabar kuɗi. Kowane gida yana da kati 14, wato daga ɗaya zuwa goma, sai yaron fada, barde, sarauniya da sarki. Ragowar 22 ɗin su ne manyan katuna, kowanne da sunansa da hotonsa, an jera su daga sifili zuwa 21. Wawa ne ke riƙe da sifili, Duniya ce ta ƙarshe, a tsakani kuwa akwai irin su Matsafi, Masoya, Adalci, Mutuwa, Shaiɗan, Hasumiya, Tauraro, Wata da Rana.

Faransawa ba sa furta harafin ƙarshe, “taro” suke cewa. Ba ruwansa da taron biki ko na siyasa, kamar suna ce kawai.

An ce daga Masar ta zamanin Fir'auna ya samo asali. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, ko da yake Masar tana cikin labarin ta wata ƙofar daban. Kartar wasa ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370 daga daular Mamluk ta Masar, wadda daular Musulmi ce. Har yau akwai wani ƙunshi na kartar Mamluk a gidan tarihi na fadar Topkapi da ke Istanbul, kuma gidajensa huɗu su ne kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan ƙwallon dawaki. Mutanen Katsina da Kano da sun gane sandar da gani ɗaya, amma Turawan wancan zamani ba su san wasan ba, sai suka mayar da ita kulki. Katunan sarakunan Mamluk ɗin ba su da hoton mutum, ado ne da rubutu.

Tarot kansa a arewacin Italiya aka ƙirƙiro shi. Rubutattun shaidu na farko sun fito daga Florence a 1440 da Ferrara a 1442. Masu mulki ne suka sa aka ƙara wa karta wasu katuna masu rinjaye a wasa, ana zana musu da hannu, har da ruwan zinare. Wanda ya fi shahara shi ne ƙunshin gidan Visconti da Sforza, masu sarautar Milan, wanda yau katunansa suke rabe tsakanin New York da Bergamo. Shekaru sama da ɗari uku abin wasa ne kawai, irin yadda ake buga Whot a majalisa. A Faransa da Ostiriya har gobe ana buga shi a matsayin wasa, Faransawa ma suna da ƙungiyar wasan ta ƙasa tun 1973.

To yaya aka yi kartar wasa ta koma abin duba?

Wani limamin coci ɗan Furotesta mai suna Antoine Court de Gébelin ne ya soma, a 1781. Ya ga ana buga wasan a wani gida a Faris, ya dubi zanen, nan take ya yanke cewa ɓoyayyen ilimin matsafan Masar ne aka adana a kati. Hujja ba shi da ita, don a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni ma. Sai a 1822 Champollion ya warware rubutun, kuma ba a sami tarot a ciki ba. Amma magana ta riga ta fita. Wani Bafaranshe mai suna Alliette, wanda ya juya sunansa baya ya koma Etteilla, ya mai da duba da kati sana'a, ya tsara ma'anar kowane kati, ya buga nasa ƙunshin.

Ƙunshin da kake gani a yawancin bidiyo kuwa na Landan ne, kamfanin Rider ya buga shi a 1909. Arthur Edward Waite, ɗan wata ƙungiyar asiri da aka kafa a 1888, shi ya ba da tsari, Pamela Colman Smith ta zana duka 78 ɗin. Abin da ya sa nata ya mamaye kasuwa shi ne ta yi wa ƙananan katuna hoto mai labari. Maimakon takubba uku a jere kawai, sai ta zana zuciya an soke ta da takubba uku, hadari na zubar da ruwa a bayanta. Ko yaro ya gani ya san baƙin ciki ake nufi. Ita Pamela ta rasu a 1951 cikin talauci, kuma an daɗe ana kiran katin da sunan kamfani da na Waite ba a ambatonta.

Shi zaman wata-watan yaya suke yin sa?

Babu ƙa'ida ɗaya, kowa da yadda ya koya. Abin da ya fi yawa shi ne mutum ya keɓe shi kaɗai kamar rabin awa zuwa awa guda, ya cakuɗa katunan, ya ja uku ko biyar a rufe, ya ajiye kowanne a gurbin da ya riga ya sa wa tambaya. A jerin biyar, galibi gurbin farko na watan da ya wuce ne, na biyu abin da ya kamata a saki, na uku jigon wata mai kamawa, na huɗu cikas, na biyar matakin da za a ɗauka. Wasu kati huɗu suke ja, ɗaya ga kowane mako. Sai a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a dubi hoton, a rubuta abin da ya zo a rai, daga nan a fitar da ƙudurori biyu ko uku. In wata ya zagayo, a fara da karanta na baya.

Wata Baturiya da muke gida ɗaya tana yin nata ranar Lahadin ƙarshen wata, a teburin kicin. Baƙin ƙyalle take shimfiɗawa, ta kunna kyandir, ga kofin shayi, ga wani littafin rubutu da bangonsa ya sha jiki. Wata rana na shigo ɗumama miya na tarar ta buɗe kati na goma a gidan sanduna: mutum ya rungumo sanduna goma, ya duƙa, ko gabansa ba ya gani. Ta yi dariya ta ce, “Ga ni nan.” Ta sunkuya ta cika shafi biyu da rubutu, a ƙasa ta ja layi ta rubuta cewa za ta bar aikin Asabar da take yi a wani kanti. Ta kuwa bari. Amma duk mutanen gidan mun san tun watanni biyu da suka wuce take kukan gajiya. Katin bai gaya mata sabon abu ba, zaman ne ya tilasta mata ta kalli abin da take kau da kai daga gare shi.

Me ya sa ake haɗa shi da tsayuwar wata?

Masu yi sun kasu biyu. Wasu ranar ɗaya ga watan Bature suke bi, don ta dace da albashi da haya. Wasu kuma watan sama suke bi, wanda zagayensa kwana 29 da rabi ne: su ƙulla niyya a sabon wata, su waiwaya ranar da ya cika. Sabon watansu shi ne daren da ba a ganin komai a sama, kwana ɗaya ko biyu kafin jinjirin da mu muke duba. Waɗanda suka yi nisa suna haɗawa da lissafin taurari, su ce wata yana burujin kaza don haka kaza zai faru. Daga nan an bar batun tsara lokaci an shiga wani fage, kuma amsar da ke ƙasa kan Musulunci ta shafe shi kai tsaye.

Wa ya sa wa katunan ma'ana? Dole ne a haddace?

Mutane ne suka sa, kuma ba su ma daidaita ba. Abin da Etteilla ya ce kati kaza na nufi sau da yawa ba shi Waite ya ce ba. Ko lambobin ma an taɓa: a tsohon tsarin katin Faransa da ake kira Marseille, Adalci ne na 8, Ƙarfi na 11, Waite ya musanya su don su dace da lissafin ƙungiyarsu. A dunƙule dai, yau ana ɗaukar sanduna a matsayin aiki da himma, kofuna soyayya da abin da ke zuciya, takubba tunani da husuma, tsabar kuɗi kuma dukiya da lafiyar jiki. In kati ya fito a kife, wasu su ce ma'anarsa ta juya, wasu su ce ta yi rauni, wasu su gyara masa zama su ci gaba abinsu.

Kowane ƙunshi yana zuwa da ɗan littafin fassara a cikin kwali, don haka yawancin masu zaman wata ba sa haddace komai. Wanda bai taɓa gani ba ya sani cewa wasu manyan katunan, irin Masoya, Tauraro da Shaiɗan, hotunan mutane ne tsirara.

Idan katin Mutuwa ya fito, wani zai mutu ke nan?

Ko masu karanta katin ba haka suke cewa ba. Kati na 13 ne, ƙwarangwal sanye da baƙin sulke a kan farin doki, kuma fassarar da suke ba shi ita ce ƙarewar wani babi da buɗewar wani. Amma bar fassara, ɗauki lissafi. In kana jan kati biyar cikin 78 duk wata, yiwuwar wannan katin ya fito a zama ɗaya ta ɗan haura kashi 6 cikin ɗari. A shekara guda, wato zama 12, yiwuwar ya fito aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 55. Ka ga ashe fitowarsa ta fi rashin fitowarsa kusa. Haka Hasumiya, haka Shaiɗan, haka kowane kati da ka ɗora wa ido.

Matsalar ita ce zuciya ba ta jin lissafi in tsoro ya shige ta. Akwai misalin haka a amsar da ke ƙasa wadda ta yi magana kan madubi.

Amma wallahi wani lokaci yana faɗar abin da ke damun mutum daidai. Ta yaya?

A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 wata jarrabawa, ya ce zai fitar wa kowa bayanin halinsa. Bayan mako ya miƙa wa kowa takardarsa, ya ce su auna dacewarta daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Sai ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma jimlolin daga wani littafin taurari na bakin titi ya tsinto su. Maganganu ne irin su kana son mutane su ƙaunace ka, kana yawan ganin laifin kanka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba. Wa za a gaya wa haka ya ce ba shi ba ne?

Hotunan tarot ma haka suke: gajiya, rabuwa, rashin kuɗi, jiran labari, sabon farawa. Babu watan da zai wuce ba ka taɓa biyu ko uku daga ciki ba. Kai ne kake zuba wa hoton labarinka, sannan ka yi mamakin ya san ka. Ƙari a kan haka, wanda ya dace shi ake tunawa, wanda ya kuskure a manta. Kati uku kacal za su iya fitowa a jere iri 456,456, kuma ba a taɓa jin mai karatu ya buɗe jeri ya ce wannan ba shi da ma'ana ba. Abin da ya dace da kowane hali, ai bai faɗi komai a kan naka ba. Babu kuma wani gwajin kimiyya da ya tabbatar kati na hango abin da zai zo. Wanda ya taɓa ganin ɗan duba yana bugun ƙasa ya san salon: “Akwai wata a danginku da ba ta son ci gabanki.” Wace ce ba ta da irin wannan a zato?

Masu yi da yawa suna cewa su ba duba suke yi ba, madubi ne kawai na tunani. Wannan bai raba su da boka ba?

Da gaske suke, ba yaudara ba ce. Da yawansu ba su yarda da aljani ko gaibu ba, wasu ko Allah ba su yarda da Shi ba. Suna cewa hoton yana tono abin da ke binne a zuciya, su kan kuma jingina da Carl Jung, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan da ya yi magana kan siffofin da ke maimaituwa a mafarkai da tatsuniyoyin al'ummai, ko da yake shi bai rubuta littafi kan tarot ba. A fahimtarsu, tambayar ba “me zai same ni” ba ce, “me nake gudu” ce.

A baki iyakar a fili take. A aikace santsi gare ta. Ita wannan maƙwabciyar tawa, wadda ta rantse mini ba ta yarda da camfi ba, wani wata Hasumiya ta fito mata a gurbin wata mai kamawa: tsawa ta faɗa kan gini, wuta na ci, mutum biyu na rikitowa ƙasa. Ranar babu dariya. Ta mayar da katunan ta sake cakuɗawa, wai ba ta natsu ba a jan farko. Bayan kwana uku na ji tana waya tana ɗage tafiyar da ta shirya zuwa wurin iyayenta. Babu abin da ya faru a watan, in ban da injin wankin gidan da ya lalace, shi ma ta ce ai ga Hasumiyar nan. Gurbin da ake kira “wata mai kamawa” tambaya ce a kan gobe, ko me aka sa masa suna. Ranar da kati ya sa ka fasa abin da ka yi niyya, ya tashi daga madubi.

Me Musulunci ya ce?

Yanke hukunci a kan mutum aikin malamai ne, amma nassoshin da suka shafi batun sanannu ne. A Suratun Naml, aya ta 65, Allah Ya ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Shi. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Wanda ya fi kama da batunmu shi ne azlam, kiban da Larabawan jahiliyya ke ja in za su yi tafiya ko aure: ɗaya an rubuta umarni a jiki, ɗaya hani, ɗaya babu komai. Suratul Ma'ida ta haramta neman rabo da su a aya ta 3, a aya ta 90 kuma ta jera su da giya da caca da gumaka. Lura da cewa mai jan kibiya ba lallai ya je wurin kowa ba, hannunsa ya isa. Don haka hujjar “ni kaɗai nake yi a ɗakina, ban je wurin boka ba” ba ta da ƙarfin da ake zato.

Saura mai cewa hoto kawai yake kallo don ya tayar masa da tunani. Ko an karɓi niyyarsa, kayan aikin na 'yan duba ne, fassarar da ke cikin kwalin ta 'yan duba ce, kuma amsar da ta gabata ta nuna yadda ƙafa ke zamewa. Ni a ganina ribar da ake nema ana samunta ba tare da an je bakin wannan rijiyar ba. Wanda abin ya riga ya shige masa rai, ya sami malamin da ya amince da shi ya faɗa masa gaskiyar yadda yake yi, kada ya rage.

Ni Kirista ce. Mu fa?

Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 18, aya 10 zuwa 12, ya hana duba da sihiri da neman shawarar matattu. Katikizim na cocin Katolika, a sakin layi na 2116, ya ce a guji kowane irin duba. Kada hotunan Fafaroma da mala'ika mai busa ƙaho da ke jikin katin su ruɗe ki. Suna nan ne don an zana su a Italiya ta ƙarni na 15, inda irin waɗannan hotuna suke ko'ina.

Istihara ba ita ma neman zaɓi ba ce? Ina bambancin?

Bambancin yana ga wanda ake tambaya da abin da ake jira. Istihara, kamar yadda Jabir ya ruwaito a Sahihul Bukhari, raka'a biyu ce ta nafila da addu'a: in abin alheri ne Allah Ya sauƙaƙa, in sharri ne Ya kawar da shi, Ya kuma zaɓa maka alheri a inda yake. Ba a jan komai, ba a karanta alama, ba a ce za a sanar da kai gobe ba. Kana yin bincikenka da shawararka, ka roƙi Allah, ka ci gaba. Abin da wasu ke kira istihara, inda ake kai wa wani sunan saurayi da na mahaifiyarsa ya ƙirga carbi ya ce akwai haske ko babu, wannan ya fi kusa da katin fiye da raka'a biyun Jabir.

Abokiyar zamana ta ce in ja kati ɗaya don wasa. Yaya zan ƙi ba tare da na ɓata mata ba?

Ki ce mata addininki bai yarda ba, ki gode, shi ke nan. Turawa sun saba jin haka game da giya da naman alade, ba sa ɗaukarsa zagi. Wa'azi a kan teburin kicin ba ya haifar da ɗa mai ido. Ni abin da na yi, na ce ba zan ja ba amma ina son jin tambayoyin da take yi wa kanta. Ta karanto mini su, na kwafe uku a bayan takardar cefane, kuma suna cikin waɗanda nake amfani da su har yau.

Bidiyo ya faɗo mini ana cewa “in kin ga wannan, saƙonki ne”. Ya aka yi suka san halin da nake ciki?

Ba su sani ba, manhajar ce ta lura. In kika tsaya kan bidiyon rabuwar masoya biyu ko uku, za ta ƙaro miki irinsu, cikinsu har da mai kati tana cewa wanda ya tafi yana nan yana tunaninki. Dubban mutane ke kallon wannan bidiyon a lokaci guda, kowacce tana jin da ita ake. Takardar Forer ce aka sa wa kiɗa.

Inda abin ya fi muni shi ne saƙon sirri da ke biyo baya: an ga duhu a tare da ke, an yi miki asiri, turo kaza a karya. In kin tura, sai a gano wani ƙullin da ya fi na farko. Wannan damfara mun san ta tun kafin intanet, riga kawai ta sauya. Kada ki ba su hoto, ranar haihuwa ko sirrin gidanki, don da su ake dawowa a yi wa mutum barazana. Ciwo a kai shi asibiti, rikicin aure a kai shi ga manya, shari'a a kai ta ga lauya.

To ina son zaman wata-watan, ba na son katin. Yaya zan tsara nawa?

Ai mu muka riga su. Muhasaba sunanta. Suratul Hashr, aya ta 18, ta ce kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, kuma sananniyar magana ce daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Abin da Turawan suka fi mu shi ne sun sa wa abin rana, sun tanadi littafi, kuma suna rubutawa. Waɗannan ukun za ka ara.

Zaɓi rana ɗaya da ba ta motsi. Ni Asabar ɗin ƙarshen wata nake yi, bayan asuba, kafin gida ya tashi, waya tana wani ɗakin. Na kan fara da karanta shafin watan jiya da jan biro a hannu, in sa alama a kan abin da na cika da wanda na yi wa kaina ƙarya. Wannan ne sashen da ya fi ɗaci, shi ne kuma ya fi amfani. Daga nan sai tambayoyi, kuma ba sa canzawa sosai. Me ya fi cinye mini lokaci? Me nake ta ɗagawa, kuma tsoron me ke sa ni ɗagawa? Wane kaya na ɗauka wanda ba nawa ba ne? Wa na yi wa laifi ban nemi yafiya ba? Wane ɗan'uwa ne rabona da jin muryarsa ya haura wata? Asuba nawa ta kuɓuce mini? Sai kuɗi, shi kuma ba a yin sa da ka: a buɗe saƙonnin banki, a rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, zubin adashi, kuɗin makaranta, bikin da ke tafe. Adadi ba ya lallashi, shi ya sa ya fi kowane hoto faɗar gaskiya.

A ƙarshen shafi ƙuduri uku kawai, kowanne da ranarsa. “Zan kula da lafiyata” ba ƙuduri ba ne. “Ranar Talata 9 ga wata zan je a auna mini hawan jini” shi ne ƙuduri. Mai bin watan Musulunci ya sa azumin 13, 14 da 15 a ciki tun daga farko, kada ya tuna da su ranar 16. In akwai babban al'amari a watan, aure ko barin aiki ko tafiya, rubuta sunan mutum biyu da za ka shawarta da daren da za ka yi istihara.

Na gwada wata biyu na watsar. Akwai dabara?

Yawanci abu biyu ne ke kashe shi: tsawo da yawan buri. In zaman ya kai awa biyu, wata na uku za ka ji nauyinsa tun daren Juma'a. Rage shi zuwa minti 20, tambaya uku, ƙuduri ɗaya. In wata ya tsallake maka, kada ka ce sai ka rama, rubuta kwanan watan yau ka ɗora daga nan. Nawa littafin akwai ramin wata huɗu a tsakiyarsa, daga Rajab zuwa bayan ƙaramar salla, kuma shafin da ya biyo baya layi biyu ne kacal: bashin mai kanti, da kiran gwaggota.